Sayen laftof don Linux a Zuru: abin da ya kamata ka duba kafin ka miƙa kuɗinka

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta da ya saba bayarwa. Ya bar wata ƙaramar ƙofa ta shekara guda ga masu amfani da ita a gida, wadda aka sanya 13 ga Oktoba, 2026 a matsayin ranar rufe ta. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma galibi sai furosesarta ta kasance Intel zubi na takwas ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Ma'anar haka ita ce ɗimbin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya sun zama tsofaffi a takarda, kuma irinsu ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa, su bi ta Legas su iso kasuwannin Arewa da sunan tokumbo.

Ga ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, ko matashin ɗan jarida, ko mai sa ido kan ayyukan ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, laftof jari ce da akan daɗe ana tara kuɗinta. Idan ta zo da matsala, mai gyaran da ya san ta sosai yana iya kasancewa a Kontagora ko Sakkwato ko Kano, a lokacin da tafiya ke da tsada kuma tsaron hanya ba shi da tabbas. Wannan bayani na wanda ya yanke shawarar amfani da Linux ne, ko yake tunanin yin haka, domin ya san kwamfutar da za ta karɓe ta da kuma inda zai nemi taimako idan abu ya cije.

Mece ce Linux

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Windows ta Microsoft ce, macOS ta Apple ce, kuma kamfanonin biyu sun rufe rubutun da aka gina su da shi. Linux buɗaɗɗiya ce: kowa na iya karanta rubutunta, ya gyara, ya kwafa, ya raba, ba tare da ya karya doka ba. Tushenta ya faro ne daga aikin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983, sai Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da ƙwayar da ake kira Linux a 1991. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan wannan ƙwaya aka gina ta.

Linux tana zuwa da nau'o'i masu yawa. Debian ta fara a 1993. Ubuntu ta fito a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Linux Mint ta biyo baya a 2006, kuma fasalinta ya fi kusa da abin da mai Windows ya saba gani. Fedora tana samun tallafin kamfanin Red Hat.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na masu sha'awar na'ura shi ne yawancin laftof ɗin da ake sayarwa a kasuwa suna zuwa ne da Windows da Office waɗanda aka fasa lasisinsu da wata manhajar da ba a san wanda ya rubuta ta ba. Wanda ke ajiye hotunan aikin kwangila da aka yi watsi da shi, ko muryar majiyar da ta nemi a sakaya sunanta, bai kamata ya ɗora amanar mutane a kan irin wannan ba. Gwamnatoci ma suna auna batun da ma'aunin 'yancin kai: jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa wani nau'in Ubuntu nasu, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux.

Darasin 2007

Najeriya ta taɓa shiga tsakiyar wannan takaddama. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan ƙananan kwamfutocin Intel Classmate guda 17,000 da za a raba wa makarantu. A ƙarshen Oktoban shekarar, shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa an shirya goge Mandriva a maye gurbinta da Windows bayan an riga an biya kuɗinta. Daga baya asusun USPF, wanda ke ɗaukar nauyin mafi yawan na'urorin, ya ce da Mandriva zai ci gaba. A shekarar ce kuma aka gwada kwamfutocin shirin OLPC, masu aiki da Linux, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja.

Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Abin da mai saye zai ɗauka daga nan shi ne ranar saye ba ita ce ƙarshen magana ba. Kafin ka zaɓi na'ura ko manhaja, ka tambayi kanka wa zai ci gaba da kula da ita bayan shekara uku, kuma wa zai gyara ta a kusa da kai.

Sassan da ke kawo cikas

Kowane sashe na kwamfuta yana buƙatar ƙaramar manhaja da ake kira direba kafin ya yi aiki. A Linux yawancin direbobi suna cikin ƙwayar tun asali, shi ya sa kwamfutar da ta dace da ita ke tashi komai na aiki ba tare da an sauke wani abu ba. Matsala tana tasowa ne daga sassan da masu ƙera su suka ƙi buɗe bayanansu.

Na farko shi ne katin Wi-Fi da Bluetooth. Katunan Intel, irin su 8265 da AX200 da AX210, suna aiki kai tsaye. Na Broadcom sun yi suna wajen wahalarwa, wasu na Realtek kuma sukan riƙa yankewa. A yawancin laftof na ofis katin yana cirewa, ana iya musanya shi da na Intel da kuɗi kaɗan. Idan Wi-Fi ya ƙi tashi ranar farko, haɗa wayar Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB. Linux tana gane wannan ba tare da ƙarin direba ba.

Na biyu shi ne sashen hoto. Na Intel da na AMD direbobinsu a buɗe suke, kuma ba sa ba da wahala. Na NVIDIA yana aiki, amma sai an ɗora direban kamfanin, yana cin batir, kuma wani lokaci yakan rikice bayan sabuntawa, duk da cewa kamfanin ya buɗe wani ɓangare na direbobinsa a 2022. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike da lissafi ba ya buƙatarsa.

Na uku su ne ƙananan kaya: na'urar karanta zanen yatsa, wadda da yawa ba sa aiki, kyamarorin wasu sababbin laftof masu tsarin IPU6 na Intel, waɗanda suka daɗe suna ba da matsala, da kuma barci da farkawa, wato ka rufe murfi ka buɗe kwamfuta ta dawo inda ka tsaya ba tare da ta shanye batir a cikin jaka ba.

Akwai kuma kwamfutocin da ya kamata sabon shiga ya kauce musu. MacBook masu furosesar M1 da M2 suna ɗaukar Linux ta hanyar aikin sa-kai na Asahi, amma ba duk sassansu ne ke aiki ba. Laftof masu furosesar Snapdragon X har yanzu tallafinsu bai kammala ba. Chromebook tana da arha a kasuwa, amma canza mata manhaja aiki ne na ƙwararru, ma'ajiyarta kuma ƙarama ce. Haka nan ƙananan laftof masu RAM 4GB da aka liƙe da allo da ma'ajiyar eMMC ta 32GB ko 64GB: ba a ƙara musu komai, kuma araha ba ta ado.

Irin da suka fi dacewa

Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce a sayi laftof ɗin da aka ƙera don ofis, wadda ta shekara biyu zuwa bakwai da fitowa. Masu rubuta Linux da kansu irinsu suke amfani da su, don haka an riga an gano matsalolinsu an gyara. Dangi uku ne suka fi yawa a Computer Village da ke Ikeja, da Banex Plaza a Abuja, da titin Beirut a Kano: ThinkPad na Lenovo, musamman jerin T da X, Latitude na Dell, da EliteBook na HP.

ThinkPad T480 ta 2018 tana da ramin RAM biyu, tana caji ta USB-C, kuma batirinta na baya yana cirewa da hannu, abin da ke da amfani inda wuta ba ta tsayawa. T490 ta 2019 ta fi ta sirantaka, amma an liƙe wani ɓangare na RAM ɗinta. Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 sa'o'in T480 ne, kuma kayan gyaransu suna samuwa. Ko a cikin waɗannan dangi akwai masu hali: masu Latitude 7490 sun sha ƙorafin daskarewa a Linux har sai an sauya wani saiti, ThinkPad na tsakanin 2017 da 2019 kuma suna buƙatar sabunta manhajar Thunderbolt da Lenovo ya fitar don kare ramin USB-C daga lalacewa.

Ka duba lambar furosesa da idonka. A i5-8250U, lambar farko bayan layin, wato 8, ita ce zubin. Ana samun T480 da 840 G5 masu zubi na bakwai, kamar i5-7300U. Linux za ta yi aiki lafiya a kansu, amma Windows 11 ba ta amince da su ba, don haka bai kamata farashinsu ya kai na zubi na takwas ba. Wannan hujja ce ta neman ragi. RAM kada ta gaza 8GB, 16GB ta fi ga mai aikin taswira ko tace bidiyo. Ma'ajiya ta kasance SSD, daga 256GB zuwa sama.

Mai halin sayen sabuwa yana da ƙarin zaɓi. Dell ya fara sayar da XPS 13 ɗauke da Ubuntu a 2012. A 2020 Lenovo ya faɗaɗa tantance kwamfutocinsa da Ubuntu da Red Hat, ya kuma fara sayar da wasu ThinkPad da Fedora. Canonical yana wallafa jerin kwamfutocin da ya tantance, shafin linux-hardware.org kuma yana tattara rahotannin masu amfani, inda za ka iya neman ainihin lambar laftof ɗin da kake so. Akwai kamfanonin da suka ƙware a Linux, irin su System76 na Amurka, Tuxedo na Jamus, da Framework da ya fitar da laftof mai sauƙin kwancewa a 2021. Kayansu na da kyau, sai dai mazaunin Zuru zai biya kuɗin jigila da na kwastan, kuma idan allo ya fashe, daga ƙetare zai jira wani.

Gwajin minti ashirin a shago

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Linux tana iya tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ka sauke Linux Mint, wadda nauyinta ya kusa 3GB, ko Ubuntu 24.04 mai kusan 6GB, ka ɗora a filashi mai 8GB ko fiye da manhajar Rufus ko Ventoy. A shago, ka soka filashin, ka kunna kwamfuta kana danna F12 a Lenovo da Dell, ko F9 a HP, ka zaɓi filashin. Idan wani ne zai sayo maka daga Kano ko Legas, ka tura masa waɗannan matakai ya yi gwajin kana kallo ta kiran bidiyo.

Ka haɗa Wi-Fi da intanet ɗin wayarka. Ka kunna sauti ta lasifika da ta abin kunne. Ka gwada kyamara da makirufo. Ka ƙara hasken allo ka rage. Ka danna kowane maɓalli. Ka soka filashi a kowane rami. Ka rufe murfi na minti biyu ka buɗe. Don sanin lafiyar batir, ka buɗe Terminal ka rubuta upower -d, ka kwatanta lambar energy-full da ta energy-full-design. Idan ta farko ta gaza kashi 70 cikin ɗari na ta biyu, ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka. Umarnin lspci zai nuna maka ainihin katin Wi-Fi da na hoto, ko da mai shago ya faɗi wani abu dabam. Manhajar Disks kuma tana nuna lafiyar ma'ajiya.

Ka shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirrin mai kula. Laftof ɗin da aka kulle ta nan ba za ka iya sauya saitinta ba, a ThinkPad kuma cire makullin yakan kai ga taɓa allon kwamfutar kansa. Idan ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman a shiga da asusunsu, ka ajiye ta. Idan Linux ta tashi amma ba ta ga SSD ba, yawanci saitin ma'ajiya ne ke kan RST ko RAID, sai a mayar da shi AHCI. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Tallafi hawa uku ne

Hawa na farko shi ne mai sayarwa. Tokumbo ba ta da garantin kamfani sai nadiran. Kana iya tabbatarwa ta hanyar shigar da lambar jikinta a shafin Dell ko Lenovo ko HP. Abin da kake da shi shi ne alkawarin mai shago, don haka ka sa a rubuta a rasit lambar kwamfutar, da adadin kwanakin gwaji, da cewa sauya manhaja ba zai soke yarjejeniyar ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su kai yadda aka siffanta su ba, amma rasit ne shaidarka.

Hawa na biyu shi ne mai ƙerawa. Lenovo da Dell da HP suna wallafa littafin kwance laftof ɗinsu na ofis da haɗa su, ɗauke da lambobin kayan gyara, wanda duk mai gyara zai iya bi ko bai taɓa ganin Linux ba. Suna kuma tura sabuntawar BIOS ta yawancin waɗannan na'urori ta tsarin LVFS, yadda za ka sabunta daga cikin Linux da manhajar fwupd. Kada ka fara wannan sabuntawa sai batir ya cika kuma caja na jone.

Hawa na uku shi ne nau'in Linux ɗin da jama'arsa. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi, LTS, duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, tana kula da shi shekara biyar. Linux Mint 22, wadda aka gina kan Ubuntu 24.04, tallafinta zai kai 2029. Fedora tana fitowa duk wata shida, kowane zubi kuma yana rayuwa kusan wata goma sha uku, sabuntawarta na cin data da yawa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, Mint ko Ubuntu LTS sun fi dacewa, kuma su ne aka fi samun amsar matsalolinsu a rubuce. A Najeriya akwai ƙungiyar Open Source Community Africa da aka kafa a 2018, amma taimakon da ya fi amfani shi ne na kusa: idan ɗalibai biyar a Zuru suka yi amfani da nau'i ɗaya a kan laftof iri ɗaya, filashi guda ya ishe su, abin da ɗaya ya warware kuma ya warware wa saura.

Ka sani cewa mai gyara da yawa, da zarar ya ga abin da bai saba da shi ba, zai ce a goge a sa Windows. Kafin ka kai gyara, ka kwafe bayananka, ka kuma faɗa masa ƙarara cewa allo ko kibod ko ramin caji ka kawo.

Wuta, zafi da ƙura

Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma duk mazaunin Zuru ya san janareta da sola ne ke cike giɓi. Laftof mai caji ta USB-C tana karɓar wuta daga babban fawa-banki mai ƙarfin wat 65, ba sai an kunna inbata ba. Furosesar da lambarta ta ƙare da U ta fi mai H tattalin batir. Jabun caja tana kashe batir, tana kuma iya ƙona allo, don haka a nan sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. A ThinkPad ana iya tsayar da caji a kashi 80 da manhajar TLP domin batir ya daɗe. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu kuma yana ƙarasa aikin. A buɗe a share sau ɗaya a shekara, kuma kada a ɗora laftof a kan katifa.

Abin da za ka samu da abin da za ka rasa

LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, ko da yake tsarin shafi yakan ɗan goce. Idan za ka kai aiki shagon buga takardu, ka mayar da shi PDF. Firefox da Chrome da Zoom da Telegram da Signal duk suna da na Linux, WhatsApp kuma ana buɗe shi ta burauza. Ɗalibin noma zai samu R don lissafin bincike da QGIS don taswirar gonaki, duka kyauta. Akwai Audacity don sauti, Kdenlive don bidiyo, GIMP da Inkscape don zane. A saitin kibod akwai tsarin Hausa na Najeriya mai ɓ da ɗ da ƙ, manhajar Keyman kuma tana aiki a Linux ga masu rubutu da sauran harsuna.

CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da na Linux. Wanda abincinsa ya dogara da ɗayansu ya bar Windows mai lasisi a gefe guda ya ɗora Linux a ɗaya gefen, ko ya haƙura da sauyin. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, wasu tsofaffin na Canon kuwa sai an sha fama.

Abu na ƙarshe ya shafi masu riƙe da bayanan da za su iya jefa wani cikin haɗari. Lokacin ɗora Ubuntu ko Mint ko Fedora, akwai zaɓin kulle ma'ajiya gaba ɗaya da kalmar sirri. Idan ka zaɓe shi, wanda ya sace laftof ɗin ko ya ƙwace ta a hanya ba zai iya karanta abin da ke ciki ba ko da ya cire SSD ɗin. Idan kai ma ka manta kalmar, babu kamfani ko injiniyan da zai buɗe maka. Ka zaɓi doguwar jimla da za ka iya tunawa, ka kuma ajiye kwafin muhimman takardunka a wata ma'ajiya dabam, a wani gida dabam.